Ba Tsafin Kongo Ya Cire Mu Ba, Halinmu Ne



Daren Lahadi, 16 ga Nuwamba, 2025, ina zaune a gidan kallon ƙwallon da ke bayan layinmu lokacin da Chancel Mbemba ya ajiye ƙwallo ya buga fenaretin ƙarshe ta shige raga a birnin Rabat. An tashi ɗaya da ɗaya bayan minti 120, sannan Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta ci mu 4 da 3 a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shi ke nan, babu Najeriya a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026, kamar yadda babu ita a ta Katar a 2022. Tun da muka fara zuwa a 1994 ba mu taɓa rasa gasar sau biyu a jere ba sai yanzu.

Cin da aka yi mana bai hana ni barci ba, don duk wanda ya bi wasannin nan tun daga farko ya san inda aka dosa. Abin da ya hana ni barci maganganu uku ne da na ji a bakin ƙofa muna fita. Wani ya ce asiri 'yan Kongo suka yi mana. Wani ya ce gara ma da aka cire su, ai ba ƙungiyarmu ba ce, ta 'yan kudu ce. Wani yaro kuma ya kaɗa rigarsa ya ce shi ko a jikinsa, tunda Arsenal ɗinsa tana saman tebur. Duk ukun na san su, muna sallah a masallaci ɗaya, kuma ba na jin sun faɗa da mugun nufi. Amma duk ukun sun yi kuskure, kuma irin kuskuren nan ne ya kai ƙwallon ƙasar nan inda take. Don haka zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, wanda abin ya sosa ya yi haƙuri.

Mu fara da mai maganar asiri. Ba shi ya ƙirƙiro ta ba, kocinmu Eric Chelle da kansa ya fito bayan wasa yana zargin cewa wani daga bencin Kongo yana tsafi lokacin bugun fenareti. To, mu ɗauka ma an yi. Me ya kai mu Rabat tun farko? An faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, an ba Afirka gurbi tara kai tsaye, inda a da biyar ne. Aka sa mu rukuni ɗaya da Afirka ta Kudu, Benin, Ruwanda, Lesotho da Zimbabuwe. Ranar da aka raba rukunin nan har murna muka yi. Sai ga Lesotho, ƙasar da mutanenta ba su kai na garin Ibadan ba, ta zo har Uyo a Nuwamban 2023 ta riƙe mu ɗaya da ɗaya, kuma su suka fara cin mu. Zimbabuwe ta riƙe mu ɗaya da ɗaya. Afirka ta Kudu ta zo Uyo a Yunin 2024, ɗaya da ɗaya. Benin ta ci mu 2 da 1 a Abidjan, kuma mai horar da ita Gernot Rohr ne, mutumin da muka kora a Disambar 2021. Wasa huɗu, maki uku. Wane boka ne ya bi mu duk waɗannan garuruwa?

Har alfarma ta faɗo mana daga sama. FIFA ta ƙwace wa Afirka ta Kudu maki uku saboda ta sa Teboho Mokoena a wasan da bai cancanci bugawa ba. Duk da haka ta ƙare da maki 18, mu muna da 17. A daidai lokacin, Kef Bad, tsibiran da mutanensu ba su kai miliyan ɗaya ba, ta kai kanta gasar a gaban Kamaru. Mu da muke da Victor Osimhen, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, da Ademola Lookman, gwarzon 2024, muka koma neman shiga ta taga.

Sannan ku tuna abin da ya faru kwana biyu kafin wasan Gabon. 'Yan wasa da masu horarwa suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda bashin alawus da suke bin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa. Wasan da ya fi kowane muhimmanci a shekara huɗu, ana zaune a otal ana cinikin kuɗi. Da wannan ne karo na farko da sai mu ce tsautsayi. A 2013 'yan wasa sun ƙi hawa jirgi daga Namibiya zuwa Brazil a kan alawus. A 2014 sun ƙi atisaye kafin wasan Faransa a kan alawus. A 2016 ƙungiyar Olamfik ta maƙale a Atlanta, ta sauka Manaus sa'o'i kaɗan kafin wasanta da Japan, daga baya har wani likita ɗan Japan ya tausaya ya ba su kyautar kuɗi. A shekarar dai 'yan matanmu da suka ciyo kofin Afirka sun ƙi barin otal a Abuja sai an biya su. Shekara goma sha biyu ana rawa ɗaya da kiɗa ɗaya, sannan a ce mana aljanun Kongo ne.

Ku ƙirga masu horarwa. Wasa goma na neman gurbi, mutum uku suka ja ragama: José Peseiro biyu, Finidi George biyu, Chelle shida. A tsakani har an yi shelar an ɗauki Bajamushe Bruno Labbadia, kafin mako ya zagayo maganar ta watse, Augustine Eguavoen ya sake riƙon ƙwarya. Clemens Westerhof da muke yabo har gobe, daga 1989 zuwa 1994 ya yi yana gina ƙungiya ɗaya, yana yawo filayen ƙasar nan yana tsinto yara. A yau wa zai bar shi ya yi shekara biyar? Kuma a yi adalci, Chelle bai yi rashin nasara ko ɗaya ba a wasanninsa shida na rukuni, ya kawo maki 14 cikin 18. Ramin da ya tarar ne ya fi ƙarfin tsaninsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku dubi fili. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu, a 2025 fili ɗaya tak take da shi da Hukumar Ƙwallon Afirka ta yarda a buga irin waɗannan wasanni, wato na Uyo. Na Surulere da aka gina a 1972, inda muka ɗaga kofin Afirka a 1980, ya zama kufai shekara da shekaru. Na Abuja, attajiri Aliko Dangote ya sa kuɗinsa aka gyara ciyawar, ba a jima ba ta sake lalacewa. Nan gida kowa ya san halin da filin Liberty yake ciki, filin da aka buɗe a 1960, wanda Dick Tiger ya yi damben kambun duniya a cikinsa a 1963. Maroko da ta karɓi baƙuncin wasan da aka cire mu ta buɗe makarantar ƙwallo ta Muhammad na Shida fiye da shekara goma sha biyar da suka wuce, ta yi haƙuri. A 2022 ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Katar. A Oktoban 2025 matasanta 'yan ƙasa da shekara 20 suka ci Ajantina 2 da nema suka ɗauki kofin duniya, Ajantinar da ta zuba wa namu yaran huɗu babu ko ɗaya a gasar. In tsafi ne wannan, to sunansa tsari, kuma ba a sayen sa a wurin boka.

Yanzu ga ɗan uwana da ya ce ƙungiyar ba tamu ba ce. Kai na fi jin haushi, domin maganarka tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take saurin shiga kunne. Eh, 'yan Arewa ba su da yawa a Super Eagles ta yanzu. Ban musa ba. Amma kafin ka ce ƙabilanci ne, amsa min wannan: su wa ke riƙe da ofisoshin lokacin da aka cire mu? Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa tun Satumbar 2022 Alhaji Ibrahim Musa Gusau ne. Babban sakatare Dakta Mohammed Sanusi ne. Shugaban Hukumar Wasanni ta Ƙasa Malam Shehu Dikko ne. In ana rabon laifi da yanki, kujerun da aka ƙi biyan alawus daga cikinsu namu ne ke zaune a kai. Ni ban yarda a raba laifi da yanki ba, amma wanda ya fara wannan lissafi ya kai shi ƙarshe. Kuma ina roƙon kada wani ya ce a rufa musu asiri don namu ne. Wanda ya karɓi amana a tambaye shi amana, ko daga Zamfara ya fito ko daga Delta. Lokacin Amaju Pinnick Gana ta cire mu a Abuja ranar 29 ga Maris, 2022, muka zage shi son ranmu. Ma'aunin da muka auna shi da shi, shi za mu ɗauko yau.

Sannan ka duba waɗanda kake kira 'yan kudu. Lookman a Landan aka haife shi, har ya ci wa Ingila kofin duniya na matasa a 2017. Ola Aina da Semi Ajayi haihuwar Landan ne. Alex Iwobi a Legas aka haife shi amma a makarantar Arsenal ya tashi. Calvin Bassey a Italiya aka haife shi ya girma a Ingila. Tsohon kyaftin William Troost-Ekong haihuwar Holan ne. Ka ga ke nan ba Ibadan ce ta rene su ba, ba Aba ba, ba Fatakwal ba. Turawa suka shuka, mu muka je roron. Gonar kudu da ta Arewa duk sun bushe, ta Arewa ce dai ta fi bushewa. Wannan shi ne abin kunyar da ya kamata mu yi magana a kai.

Kuma a da ba haka take ba. Rashidi Yekini, wanda ya ci mana ƙwallon farko a Kofin Duniya ya rungumi raga yana kuka, a Kaduna aka haife shi, a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara kafin ya zo Shooting Stars, kuma a nan Ibadan ya ƙare rayuwarsa a 2012. Daniel Amokachi daga Ranchers Bees ta Kaduna ya fito. Tijjani Babangida da Garba Lawal suna cikin waɗanda suka ciyo zinare a Atlanta a 1996. Ahmed Musa ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Aisland biyu a 2018, babu ɗan Najeriyar da ya kai shi cin ƙwallo a Kofin Duniya. Shehu Abdullahi daga Sakkwato, Zaidu Sanusi daga Jega, Alhassan Yusuf daga Kano, duk sun sa rigar nan. Babu wanda ya tare musu ƙofa. Abin da ya canza shi ne masaƙun da ke riƙe da ƙungiyoyi sun mutu, gasar makarantu ta mutu, filayen unguwa an yanka su fuloti an yi shaguna. Yaron da ba shi da fili, ba shi da koci, ba shi da takardar haihuwa, ta ina za a kira shi Super Eagles?

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mazauna nan. Kakanninmu sun fi shekara ɗari a Sabo. Duk ranar da wani ya ɗaga murya ya ce mu koma inda muka fito, amsarmu ɗaya ce: mu 'yan Najeriya ne, ko'ina a ƙasar nan gidanmu ne. Waɗanda suka ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sun san nauyin wannan amsa, sun san ba ta wasa ba ce. To ba zai yiwu da rana mu riƙe ta garkuwa, da dare kuma mu tsaya a bakin titi muna shewa an cire Najeriya, maƙwabcinmu Bayarabe yana ji, muna cewa ba tamu ba ce. Kalmar da ka jefa a gidan kallo, wani zai ɗauke ta ya ajiye, ya dawo maka da ita ranar da ba ka so.

Saura yaron Arsenal. Ɗana, ban hana ka son Arsenal ba, ni ma na yi shekaru ina ɓata dare a kan wata ƙungiyar Sifen. Amma ka lissafa abin da kake kashewa a wata: kuɗin shiga gidan kallo Asabar da Lahadi da Talata da Laraba, kuɗin riga, kuɗin data. Ban ma taɓo shagunan caca da suka cika mana lunguna ba, inda jarin yaro mai tura baro ke narkewa a kan wasan da ake bugawa a garin da ba zai iya nuna shi a taswira ba, ga haramci ga asara. Sannan ka gaya min yaushe rabonka da sayen tikiti ka shiga Adamasingba, filin da daga Sabo da ƙafa ake zuwa. Arsenal ba ta san kana raye ba. Ranar da ƙaninka zai nemi inda zai gwada ƙafarsa, ba Landan za ka kai shi ba, nan za ka kai shi, wurin ƙungiyoyin da ka raina.

Raina gasar gida yana da farashi, kuma mun biya shi a bainar jama'a a watan Agustan 2025. A gasar Afirka ta 'yan wasan cikin gida, Sudan ta ci mu huɗu da nema. Sudan da yaƙi ya tarwatsa tun 2023, wadda manyan ƙungiyoyinta suka koma buga gasar wata ƙasa don babu halin yi a gida. Golden Eaglets da suka ɗauki kofin duniya sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, ba su ma samu zuwa gasar 2025 a Katar ba, gasar da ƙasashe 48 suka je. Daga wannan ƙungiya Kanu ya fito, daga ita Iheanacho da Osimhen suka fito. Rijiyar ce ta ƙafe, muna ta faɗa da guga.

Kwatanta da 2013. Marigayi Stephen Keshi ya ɗauki 'yan wasan gida shida zuwa Afirka ta Kudu, ciki har da Gabriel Reuben na Kano Pillars, ana ta yi masa dariya. Sunday Mba, ɗan gasar gida, shi ya ci Kwaddibuwa a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Wannan ne kofin Afirka na ƙarshe da ya shigo ƙasar nan daga hannun maza. Enyimba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, tun daga nan babu wata ƙungiyar Najeriya da ta sake. Shooting Stars ta nan garin ita ta fara kawo wa ƙasar nan kofin nahiya a 1976. Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ba labarin kanzon kurege ba ne, da idonmu muka gani.

To yau ina ƙungiyoyin suka dosa? Ciwonsu a bayyane yake: yawancinsu na gwamnatocin jihohi ne. Gwamna mai son ƙwallo ya zo a ga haske, wanda ba ya so ya zo a shiga duhu. Shugabancin ƙungiya ya zama ladan kamfe. Ɗan wasa ya yi watanni yana jiran albashi, ya kwana a mota daga Maiduguri zuwa Uyo ya sauka ya shiga fili. Da ya ɗan yi fice sai ya tsere, ko zuwa ina ne, in dai za a biya shi a kan lokaci. Duk da haka akwai abin da ke ba ni fata. Remo Stars ta Ikenne, nan kusa da mu a jihar Ogun, ta ɗauki gasar 2024/2025, karo na farko a tarihinta. Ba ta gwamnati ba ce, ta ɗan kasuwa Kunle Soname ce, tana da filinta, tana da makarantar renon yara, ta bar kocinta Daniel Ogunmodede ya yi shekaru yana gini. Sai dai kada mu ruɗi kanmu, da ta fita Afirka Mamelodi Sundowns ta zuba mata bakwai ta rama ɗaya a wasa biyu. Wannan shi ne tsawon tafiyar da ke gabanmu. Rivers United ta kai matakin rukuni a gasar zakarun Afirka ta 2025/2026, abin da muka yi shekaru ba mu gani ba. El-Kanemi Warriors ta ɗauki kofin ƙalubale a 2024. A Kano an samu Barau FC ta hau babbar gasa, mu ga ko za a gina ta ta tsaya da ƙafarta, ko ita ma rayuwarta za ta rataya a wuyan siyasar mai ita.

Na bar Pillars a ƙarshe da gangan, don ita ce tawa, kuma ita ce ta fi ƙona min rai. Sai Masu Gida. Kofin gasa huɗu: 2008, 2012, 2013, 2014. Ta faɗa ajin 'yan dagaji a 2022 ta dawo a 2023. Ahmed Musa ya dawo gida ya sa riga, a 2025 kuma aka ba shi babban manaja. Babu ƙungiyar da ta kai ta cika fili a ƙasar nan. Da wannan jama'a kaɗai ya isa ta riƙe kanta ba tare da ta jira gidan gwamnati ba. Sai ga abin da ya faru ranar 12 ga Oktoba, 2025 a filin Sani Abacha. Shooting Stars ta farke a mintunan ƙarshe, aka tashi ɗaya da ɗaya, wasu da ke kiran kansu magoya baya suka diro fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasa ta ƙwace maki uku, ta ci tarar miliyoyin naira, ta kori ƙungiyar daga filinta. Masu dukan sun koma gida sun kwanta, ƙungiyar da suke cewa suna so ta gangara ƙasan tebur.

Na ji masu cewa alƙalin wasa ne ya jawo, ya ƙara lokaci fiye da kima, kuma mu ma in mun je waje haka ake mana. Na yarda alƙalanci a gasar nan yana da matsala, na yarda akwai filayen da baƙo ke shiga da fargaba a kudu da Arewa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma duka ba ya gyara alƙali, tsoro yake sa masa, alƙali mai tsoro kuma shi ne wanda zai ba mai gida fenaretin ƙarya mako mai zuwa, a wani garin, a kan Pillars. Haka aka gina gasar da kowa zaki ne a gida, kyanwa a waje, sannan a fita Afirka inda babu wanda ke tsoron kowa a kwaso kashi a hannu. Wane kamfani ne zai zuba kuɗinsa a wasan da ake tashi da jini? Wane uba ne zai kai ɗansa kallo?

Kuma su wa aka daka? Yaran Shooting Stars, ƙungiyar mutanen da muke buɗe shago a tsakiyarsu kowace safiya. Wanda ya ɗaga hannu a Kano bai san akwai Sabo ba, bai san washegari wani dattijo zai shiga Dugbe ko Bodija da hularsa ana nuna masa bidiyo a waya ana tambayar sa ko haka mutanensa suke ba. Mu muka sha wannan kallo. Don haka mu ne ya fi kamata mu fara cewa abin da aka yi ba daidai ba ne, da babbar murya, ba tare da wani amma ba.

Ba zan tsaya a kan ƙorafi ba, ga abin da nake nema a wurin ƙungiyarmu. Na farko, kafin Pillars ta sake zuwa wasa a garin nan, shugabanninmu da na matasa su nemi shugabannin magoya bayan Shooting Stars a zauna, a yi musu jaje, a yi alkawarin ranar wasa za a shiga lafiya a fita lafiya. Gaisuwa ba ta cin kuɗi, rashinta ne ke ci. Na biyu, mu riƙa zuwa fili. Mu sayi tikiti, kada mu nemi a shigar da mu ta bayan gida, mu zauna tare da maƙwabtanmu. Ranar da Pillars ko Katsina United ko El-Kanemi suka zo mu goya musu baya da ladabi, sauran ranaku kuma Shooting Stars ta garinmu ce, ba laifi ba ne ɗan Sabo ya so ta. Na uku, ƙananan ƙungiyoyin yaran unguwa da ke buga ƙwallo ba takalmi, a haɗa su ƙarƙashin kwamiti ɗaya, a yi musu rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, a sa sharaɗi: babu makaranta, boko da islamiyya, babu riga. Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa ta gaskiya tun yanzu, a daina rage shekaru, don na'urar asibiti ta daina jin ƙarya. Na huɗu, iyaye a yi hattara da dillalan da ke cewa a kawo kuɗi za su kai yaro gwaji Turai. Ƙungiyar da take son ɗanka da gaske ita ke biyan kuɗin jirgi. Duk wanda ya ce ka sayar da fili ko babur, ka kawo maganar gaban shugabanni kafin ka ba shi sisi.

Na biyar ya fi ƙarfin Sabo ita kaɗai, amma muna da baki. An tsara yin zaɓen Hukumar Ƙwallon Ƙafa a 2026, kuma mafi yawan masu jefa ƙuri'a shugabannin hukumomin ƙwallo ne na jihohi 36 da Abuja. Kowannenmu yana da jihar asali, yana da 'yan uwa 'yan jarida da masu ƙungiyoyi a can. A tambayi waɗannan mutane gasar yara nawa suka shirya a shekara huɗu, kuma da wane dalili za su sake zaɓen wanda za su zaɓa.

Ranar 21 ga Disamba, 2025 aka fara gasar Afirka a Maroko, muna rukuni ɗaya da Tunisiya, Uganda da Tanzaniya. Kullum ina roƙon Allah ya ba mu kofin. Amma ina tsoron nasarar da za ta sa mu mantuwa. A Fabrairun 2024 mun kai wasan ƙarshe a Abidjan, mai masauki ta ci mu 2 da 1, aka dawo aka raba lambobin girma da gidaje da filaye, kowa ya ce an gyaru. Wata huɗu bayan nan Benin ta ci mu a garin dai. Ko da Osimhen ya ɗago kofi, alawus ɗin da ba a biya ba, filin da ba a gyara ba, da alƙalin da aka far wa suna nan suna jiran mu.

Wanda yake ganin na zafafa, ya same ni a taron wata mu yi ta gaba da gaba, shayi a wuyana. Amma ya zo da amsar tambaya ɗaya: yaushe rabonsa da Adamasingba?

Allah ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya shirya mana zuri'a. Wassalam.